Tarihin Marigayi Mícheál Ó Domhnaill, Makaɗin Jita Na Ƙasar Ailan

Idan ana lissafin mutanen da suka ta da kiɗan gargajiya na ƙasar Ailan daga barci a cikin shekarun 1970, da wuya a ƙirga biyar ba a ambaci marigayi Mícheál Ó Domhnaill ba, wanda ake furta sunansa kamar Mihal O Donal. Makaɗin jita ne, mawaƙi ne, mai tsara kiɗa ne, kuma gwani ne wajen shirya ɗaukar faifai. Ya shafe shekara talatin da biyar yana wannan sana'a, ya kuma kasance cikin waɗanda suka kafa ƙungiyoyin makaɗa huɗu da suka yi suna, watau Skara Brae, da Bothy Band, da Relativity, da Nightnoise. Amma babban abin da ya sa har yanzu mutanen ƙasarsa ba su manta da shi ba shi ne yadda ya ɗauko tsofaffin waƙoƙin wani ɗan ƙauye, waɗanda aka tsara da harshen da ya kusa mutuwa, ya kai su kunnuwan mutanen Turai da Amurka.

Kafin a gane darajar wannan aiki, wajibi ne mai karatu ya san halin da harshen Ailan ya shiga. Tsibirin ya daɗe a ƙarƙashin mulkin Ingila, kuma makarantun gwamnati da aka kafa tun daga 1831 da Ingilishi suke koyarwa. Ƙidayar 1841 ta nuna mutanen tsibirin sun haura miliyan 8. Sa'an nan aka yi babbar yunwa daga 1845 zuwa 1852, sa'ad da cuta ta lalata dankalin da talakawa suka dogara da shi. Kimanin mutum miliyan ɗaya suka mutu, wajen miliyan ɗaya kuma suka yi ƙaura, galibinsu daga yankunan yamma inda aka fi jin harshen gida. Ko da yawancin tsibirin ya sami mulkin kai a 1922, harshen ya riga ya janye zuwa waɗansu ƙauyuka na bakin teku, waɗanda ake kira Gaeltacht. Don haka ne gwamnati ta kafa hukumar tattara adabin baka a 1935, ta riƙa aika ma'aikata gida gida suna rubuta tatsuniyoyi da waƙoƙi daga bakin tsofaffi tun ba su ƙare ba.

Mahaifin Mihal, Aodh Ó Domhnaill, yana cikin waɗanda suka yi wa wannan hukuma aikin tattara waƙoƙi. Malamin makaranta ne kuma mawaƙi, asalinsa mutumin Rann na Feirste ne, wani ƙauye a lardin Donegal da ke arewa maso yammacin ƙasar, wanda ya shahara da mawaƙa da marubuta. An haifi Mihal ran 7 ga watan Oktoba 1951, ya tashi a garin Kells na lardin Meath, kimanin mil 40 daga Dublin babban birnin ƙasar. Mahaifiyarsa Bríd ita ma mai waƙa ce a cikin ƙungiyar mawaƙa. A garin Kells Ingilishi ake yi a kasuwa da titi, amma yaran gidan sun tashi da harshen ubansu a baki, kuma duk lokacin hutun makaranta akan kwashe su a kai su Rann na Feirste.

A can ne suke zama gaban goggonsu Neilí Ní Dhomhnaill, wata makauniya mai kaifin hadda, wadda ta riƙe waƙoƙi masu ɗimbin yawa a ka, na harshen Ailan da na Ingilishi. Irin waƙarta ita ce wadda mutanen ƙasar suke kira sean-nós, watau tsohon salo: mutum ɗaya ne yake rerawa, babu kiɗa, babu amshi, yana jan murya yana lanƙwasa ta yadda ya ga dama. Mihal da ƙannensa mata biyu, Tríona da Maighread, sun ɗebi waƙoƙi da yawa daga bakinta, kuma duk inda ya je a duniya daga baya, daga wannan rumbu ya riƙa ɗiba.

An fara koya masa kiɗan fiyano tun yana ɗan shekara 6. Jita kuwa ta zo masa ne ta hanyar jinya. Yana da shekara 12 aka yi masa tiyata a ciki, sai wani malamin makarantarsu ya ba shi jita don ya rage zaman kaɗaici. Kafin ya kai shekara 16 ya riga ya ajiye fiyano gefe ya rungume ta.

A lokacin kuwa ba a ɗauki jita a matsayin kayan kiɗan gargajiya ba. Kiɗan Ailan na goge ne, da sarewa, da wata irin algaita mai salka wadda ake hura wa iska da ɗan zugazugi da makaɗi yake matsawa da gwiwar hannu. Dattawan makaɗa da yawa suna ganin jita baƙuwa ce mai ɓata musu kiɗa, kuma ba za a ce ba su da hujja ba, domin yawancin masu kaɗa ta a zamanin suna buga ta ne kamar yadda ake yi a waƙoƙin Amurka, su danne muryar goge, su tilasta wa tsohuwar waƙa bin ma'aunin da ba nata ba. Marigayi Seán Ó Riada, wanda ya rasu a 1971, ya riga ya nuna cewa ana iya tara makaɗan gargajiya a tsara musu kiɗa cikin mutunci, amma wurin jita a cikin wannan tsari bai tabbata ba tukuna.

Maganin wannan matsala ya fito ne daga wani ɗauri na tsirkiyoyin jita da ake kira DADGAD, wanda wani makaɗin Birtaniya mai suna Davey Graham ya fito da shi a farkon shekarun 1960, bayan ya saurari makaɗan ƙasar Maroko. Jita tsirkiya shida gare ta. A wannan ɗauri akan sassauta uku daga cikinsu, har ya zama tsirkiya uku suna ba da amo iri ɗaya, wani a ƙasa wani a sama, biyu suna ba da wani amon, ɗaya kuma tana da nata. Amfanin haka shi ne makaɗi yana iya barin waɗansu tsirkiyoyi suna ta gunji a ƙarƙashin waƙa ba tare da sun sauya ba, daidai da yadda algaitar salka take yi, sa'an nan sautin ba ya karkata ga na murna ko na baƙin ciki irin na kiɗan Turai na zamani, yakan bar wa waƙar fili ta bi hanyarta. Mihal da abokinsa Dáithí Sproule, mutumin Derry, wanda suka haɗu da shi a Rann na Feirste inda ya zo koyon harshe, suna cikin na farko da suka shigo da wannan ɗauri cikin kiɗan Ailan. Sun koyi abubuwa da yawa daga faya-fayan Bert Jansch da John Renbourn. A yau makaɗan jita masu yawa a kiɗan gargajiyar Ailan da wannan ɗauri suke aiki.

Sa'ad da suke karatu a jami'a a Dublin, Mihal da Sproule suka haɗa kai da Tríona da Maighread suka kafa Skara Brae, sunan da suka aro daga wani kufai na zamanin da a tsibiran Orkney na Sikotlan. Faifai ɗaya tak suka yi, wanda kamfanin Gael Linn ya fitar a 1971, amma ya zama abin tarihi. Sun ɗauki waƙoƙin da aka saba ji daga bakin mutum ɗaya, suka rera su da muryoyi huɗu masu hawa da sauka tare, jita biyu na rakiya. Matasan da a da suke ganin harshen Ailan darasi ne kawai na cin jarrabawa, sai ga shi sun ji shi cikin kiɗan da ya dace da zamaninsu. Ƙungiyar ba ta daɗe ba ta watse, amma hanyar da ta share ita ce waɗansu ƙungiyoyin Donegal suka bi daga baya.

A 1973 ya haɗu da Mick Hanly, mutumin Limerick, suka riƙa yawon kiɗa su biyu da sunan Monroe, musamman a yankin Brittany na ƙasar Faransa, inda mutane su ma suke fafutikar raya nasu harshen. Sun fitar da faifai mai suna Celtic Folkweave a 1974, wanda manyan makaɗa irin su Liam O'Flynn da Dónal Lunny da Matt Molloy suka sa hannu a ciki. A wannan tsakani ne kuma gidan rediyon ƙasar, watau RTÉ, ya ɗauke shi ya zama mai gabatarwa na farko na shirin kiɗan gargajiya da ake kira The Long Note.

A ƙarshen 1974 aka kafa ƙungiyar da ta fi kowace fito da sunansa. Da farko su bakwai ne, shi ya sa suka kira kansu Seachtar, watau mutum bakwai da harshen Ailan. Akwai Matt Molloy mai sarewa, da Paddy Keenan mai algaitar salka, da Paddy Glackin mai goge, da Tony MacMahon mai akodiyan, da Dónal Lunny mai buzuki, wani molo na Girkawa da makaɗan Ailan suka mayar nasu, sai Tríona a kan kayan kiɗa masu madannai, sai shi Mihal da jita da murya. Da MacMahon ya bar su, lissafin bakwai ya rushe, dole aka nemi sabon suna, kuma Mihal ne ya kawo shi. Ya taɓa ganin wani tsohon hoto a Sikotlan na waɗansu makaɗa cikin tsummoki, an rubuta Bothy Band a jikinsa. Kalmar bothy tana nufin bukkar da ake zuba leburorin gona a ciki. Shekara da shekaru talakawan Donegal da Mayo suna tsallaka teku zuwa Sikotlan cin rani, suna haƙar dankali, suna kwana a irin waɗannan bukkoki cikin ƙunci. A 1937 gobara ta kashe samari goma 'yan tsibirin Achill a cikin wata bukka irin wannan a Kirkintilloch. Saboda haka sunan yana da nauyi a kunnen duk wanda ya fito daga yammacin Ailan.

Sun yi wasansu na farko da sabon sunan ran 2 ga Fabrairu 1975 a Kwalejin Trinity ta Dublin. Glackin bai zarce da su ba, Tommy Peoples na Donegal ya karɓi goge, da shi aka yi faifan farko a 1975. A 1976 Kevin Burke, wanda aka haifa a Landan, ya gaje shi, aka yi faifai na biyu, Old Hag You Have Killed Me, a shekarar, da na uku, Out of the Wind into the Sun, a 1977. Na huɗu an ɗauke shi ne a gaban 'yan kallo a birnin Faris a 1978, ya fito a 1979.

Abin da ya bambanta Bothy Band da waɗanda suka gabace su shi ne ƙarfi da sauri. Goge da sarewa da algaita suna gaba suna zuba kiɗan rawa na gargajiya ba tare da an sauya masa ko ɗigo ba, a bayansu kuma jita da buzuki da madannai suna tura su kamar injin jirgin ƙasa. Matasan da suka tashi da kiɗan zamani na Ingila da Amurka sun sami abin da ya girgiza su a cikin kayan gidansu. A cikin wannan guguwa aikin Mihal shi ne riƙe ma'auni. Ba ya cikin makaɗan da suke neman a gan su. Hannunsa na dama ba ya kuskure, ba ya gaggawa, kuma ya san inda ya kamata jita ta yi shiru, abin da makaɗa da yawa suke tsufa ba su koya ba. In kuwa aka zo waƙa, sai yanayin ɗakin ya sauya, domin muryarsa mai sanyi ce, ba ya ɗaga ta, kamar mai yi wa mutum ɗaya magana. Ta bakinsa ne jama'a da yawa suka fara jin Casadh an tSúgáin da Tiocfaidh an Samhradh, da kuma waƙoƙin tsibiran Sikotlan irin su Calum Sgaire. Akwai kuma Fionnghuala, wadda 'yan ƙungiyar suka rera da baki zalla ba kayan kiɗa, cikin saurin da ke sa mai sauraro ya riƙe numfashi.

A nan ne kuma ya ƙware a aikin shirya faifai. Mai wannan aiki shi ne yake zaɓen abin da za a ɗauka, ya tsara wanda zai shigo da wanda zai dakata, ya zauna da injiniya a daidaita sauti har kowane kayan kiɗa ya fito a matsayinsa. A zamanin da ake ɗauka a kan tef, kuskure ɗaya yakan jawo a sake daga farko, kuma kowace sa'a a ɗakin ɗauka kuɗi ce. Shi da Lunny suka riƙa ɗaukar wannan nauyi, kuma suna cikin waɗanda suka kafa kamfanin faifai na Mulligan, don makaɗan gargajiya su sami inda za su fitar da aikinsu ba sai sun jira manyan kamfanonin Landan ba.

Sai dai suna bai zama kuɗi ba. Mutum shida da kayansu suna yawo ƙasa ƙasa, abin da ake samu ba ya rufe ɗawainiya, ga gajiya. A 1979 ƙungiyar ta watse. Molloy ya ƙare a ƙungiyar Chieftains, Lunny ya koma Planxty.

Mihal da Kevin Burke suka ci gaba su biyu, goge da jita kawai. Faifansu Promenade na 1979 yana cikin mafi kyawun abin da ya bari, kuma a ciki ne ya rera Lord Franklin, tsohuwar waƙar makoki a kan Sir John Franklin, wanda ya tashi daga Ingila a 1845 da jirage biyu don neman hanyar ruwa ta arewacin Kanada, ya hallaka cikin ƙanƙara shi da mutanensa duka. Ba a gano jiragen ba sai a 2014 da 2016, bayan mawaƙin kansa ya riga ya kwanta dama. Mawaƙa da yawa sun rera wannan waƙa, amma masu sauraro da dama har yanzu tasa suke ɗauka ma'auni. A 1980 su biyun suka koma Amurka da zama, a birnin Portland na jihar Oregon, suka sa wa faifansu na biyu sunan birnin a 1982. Tríona ita ma ta ƙaura zuwa jihar Carolina ta Arewa ta kafa ƙungiyar Touchstone, wansa kuma, watau Mihal, shi ya shirya musu faifai. A tsakiyar shekarun 1980 shi da ita suka haɗu da waɗansu 'yan'uwa biyu na Sikotlan, Johnny da Phil Cunningham, suka kafa Relativity, suka yi faifai biyu, na ƙarshen a 1987.

A Portland ne rayuwarsa ta kiɗa ta ɗauki wata hanya dabam. Ya haɗu da wani Ba'amurke mai goge, Billy Oskay, suka fara tsara kiɗa nasu na kansu, mai natsuwa, wanda ya haɗa salon Ailan da jaz da kiɗan Turai na manyan zaure. Kamfanin Windham Hill na Kalifoniya ya fitar da faifan a 1984 da sunan Nightnoise, sunan da ya zama na ƙungiyar bayan Tríona da Brian Dunning mai sarewa sun shigo a 1987. Daga nan faya-fayai suka biyo: Something of Time a 1987, At the End of the Evening a 1988, The Parting Tide a 1990. Da Oskay ya fita, Johnny Cunningham ya maye gurbinsa, aka yi Shadow of Time a 1993, da A Different Shore a 1995, da The White Horse Sessions a 1997. A wannan zamani ne Mihal ya fi tsara kiɗa na ƙashin kansa, yana kaɗa jita, yana busa ƙaramar sarewa, yana taɓa madannai.

Ra'ayi ya rabu a kan Nightnoise. Ƙungiyar ta sami masoya da yawa a Amurka da Japan da Sifen, ta kuma ba shi zaman lafiyar aljihu da Bothy Band ba ta ba shi ba. Amma a gida waɗansu masoyansa na da sun ga kamar ya bar wuta ya koma toka, suna cewa kiɗan ya yi laushi, ya zama na kwantar da hankalin masu hutawa. Akwai ƙamshin gaskiya a wannan suka, domin kamfanin da ya ɗauke su da irin wannan kiɗa aka san shi, kuma ba kowane faifai nasu ne ya kai na baya armashi ba. Duk da haka wanda ya saurara da kyau zai tarar tsarin yana da zurfi, kuma mutumin bai yar da gadonsa ba: ya sake ɗaukar Fionnghuala a faifan 1993, harshen Ailan kuma bai ɓace daga bakinsa da na ƙanwarsa ba a duk tsawon zamansu a Amurka.

A 1997 ya komo gida bayan shekara goma sha bakwai. A shekarar Skara Brae suka sake haɗuwa suka yi wasa a Donegal, aka kuma sake fitar da tsohon faifansu a 1998 don sababbin masu sauraro. Ya koma wa tsohon abokinsa Paddy Glackin, wanda ya bar Bothy Band tun ba a ɗauki faifan farko ba, suka yi faifai tare a 2001 mai suna Athchuairt, watau sake ziyara, a kamfanin Gael Linn inda ya fara shekara talatin da suka wuce. Abokin aikinsa Johnny Cunningham ya rasu a birnin New York a watan Disamba 2003.

A farkon watan Yuli 2006 Mihal ya faɗi a gidansa da ke unguwar Dundrum a Dublin, ya rasu yana da shekara 54. An kai gawarsa Kells aka binne. A watan Mayu 2007 aka shirya taron tunawa da shi a zauren Vicar Street na Dublin, inda ƙannensa da abokan aikinsa na ƙungiyoyin nan huɗu suka hallara, sauran 'yan Bothy Band kuma suka sake hawa dandali tare bayan shekara ashirin da takwas da rabuwa.